Cinikin Biri A Sama

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata ɗabi'a da na ga tana neman zama ruwan dare a tsakaninmu, watau saurin yanke wa sabon kaya hukunci tun ba a san halinsa ba. Zan yi magana ne a kan kwamfutar nan mai kama da allon karatu, wadda ake sarrafa ta da shafar yatsa, 'yan kasuwa suna kiranta tabilet. Ni dai a nan zan riƙa ce mata kwamfutar allo. Ra'ayina shi ne, bai kamata mai ƙaramin ƙarfi ya saye ta, ko ya ƙi sayenta, don kawai ya ji abin da masu sharhin farko suka faɗa ba. Ba a littafi na fara koyon wannan darasi ba, a gidanmu na koye shi.

Ni ɗan Surko ne a ƙasar Birnin Kudu, mahaifinmu kuma manomi ne. Bara, bayan an gama kaɗe riɗi, yayana ya fara shirin jarrabawar JAMB. Kamar yadda kuka sani, tun shekarar 2015 aka daina rubuta wannan jarrabawa a takarda, kowa da kwamfuta yake yi. Yaya kuwa bai taɓa zama gaban kwamfuta na cikakkiyar awa guda ba, saboda haka abin yana damunsa ƙwarai. Ana nan sai wani abokinsa ya nuna masa wani bidiyo a waya. Wani saurayi ne a cikin ɗaki mai fanka da fitilu, ya yage ledar sabon kwali, ya fito da kwamfutar allo tana ƙyalli. Ya ce a makon nan ta shigo kasuwa, ya yaba hasken fuskarta, ya yaba saurinta, ya ce batirinta sai mutum ya gaji da shi, kuma ga araha. A ƙarƙashin bidiyon mutane sun yi ta rubuta yabo, alhali da yawansu ko taɓa ta ba su yi ba.

Da dare Yaya ya durƙusa gaban Baba ya kawo maganar. Baba ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, wa ka sani da ya riƙe irinta?" Yaya ya ce, "Baba, ai sabuwa ce, ba ta iso nan ba tukuna, amma kowa yabonta yake yi." Baba ya ce, "Kowa ɗin nan, ɗan gidan wa ne?" Muka yi dariya, shi ma ya yi murmushi, amma da yake uba ba ya son a ce shi ya tare wa ɗansa hanyar karatu, sai ya fitar da riɗin da ya ajiye domin tsadar bazara, aka kai kasuwa. Yaya ya hau mota ta hanyar Wudil zuwa Kano, ya dawo da kwalinsa a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri.

A watan farko, lokacin hunturu, komai lafiya lau. Hausawa sun ce amarya ba kya laifi. Amma da zafi ya kama a watan Maris sai hali ya fara fitowa. In an kunna ta da rana sai bayanta ya ɗau zafi, ta riƙa tsayawa. Batirin da aka ce sai an gaji da shi ya koma ba ya kai la'asar, kullum sai an kai ta wurin mai caji an biya. Tambayoyin gwajin da aka ce suna ciki, ashe ba sa buɗuwa sai da data. Daga baya bakin cajin ya saki, mai gyara a Birnin Kudu ya juya ta ya ce shi bai taɓa ganin irinta ba, kayan gyaranta ma ba su shigo ba. Mako biyu kafin jarrabawa ta mutu murus. Riɗi ya tafi, allo ya tafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, tun sa'ad da ta fara ba shi wahala Yaya bai faɗa wa kowa ba. Kunya ta hana shi. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ai sai godiya." A kan wannan godiya tasa abokansa biyu, ɗaya daga cikinsu mutumin Gwaram, suka sa iyayensu suka sayi irinta. Ashe yabon ƙarya ba daga bakin mai talla kaɗai yake fitowa ba, har da bakin wanda aka cuta, in yana tsoron a yi masa dariya.

Kada wani ya ɗauka cewa mu mutanen karkara ne kaɗai maganar farko ke ruɗawa. Da na bi tarihin wannan na'ura sai na tarar har a ƙasashen da ake ƙera ta haka abin yake. Ran 27 ga Janairu, 2010, shugaban kamfanin Apple na lokacin, Steve Jobs, ya nuna wa duniya iPad a birnin San Faransisko na Amurka. Tun kafin ta shiga kasuwa aka yi mata ca. Wasu suka ce ba wani abu ba ce illa waya da ta kumbura, ba ta da kyamara, ba ta da kafar USB, har sunanta ma sai da aka mai da shi abin ba'a. Mafi yawan masu wannan suka ba su ma riƙe ta a hannu ba. Da aka fara sayar da ita ran 3 ga Afrilu a kan dala 499, sai aka sayi 300,000 a ranar farko, miliyan 1 cikin kwana 28, kafin ƙarshen shekarar kuma kusan miliyan 15. Wanda ya dogara da kushen farko, lalle da ya rantse ba za ta yi kasuwa ba.

Akwai wani abu da wani marubuci na jaridar New York Times, David Pogue, ya yi a lokacin wanda ya burge ni. Da ya gwada ta, sai ya raba sharhinsa gida biyu, ɗaya domin ƙwararrun masu ilmin na'ura, ɗaya domin sauran jama'a, saboda ya lura abin da wannan zai raina shi ne wancan zai so. Watau kaya guda ne, amma hukunci ya danganta da mai riƙe shi da kuma bukatarsa. Har ila yau, waɗanda suka yi haƙuri ba su yi asara ba, domin a watan Maris na 2011 aka fito da iPad ta biyu, mai kyamara gaba da baya, ga ta ba nauyi, kuma a kan kuɗin da aka sayar da ta farko.

Wannan misalin kushe ke nan da bai tabbata ba. Ga kuma na yabo. A watan Oktoba na 2011 gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da wata kwamfutar allo mai suna Aakash domin ɗalibai, a kan kimanin dala 35. Jaridun duniya suka ɗauka, ana ta cewa ga kwamfutar allo mafi araha a duniya, ɗan talaka ya samu. Jama'a suka yi tururuwa suna rubuta sunayensu domin saye. Amma da ta shiga hannun ɗalibai sai koke ya taso: nawa gare ta, fuskarta ba ta jin yatsa sosai, batirinta kuma ba ya jimawa. Sai da aka sake ƙera wata, aka fito da ita a watan Nuwamba na 2012. Araha dai ba ta ado, in ji magabata.

To, me ya sa sharhin farko yake yawan kuskure? A ganina dalilai huɗu ne. Na farko, mai sharhi kwana kaɗan yake yi da kayan, alhali aibin na'ura, kamar aibin mutum, sai an zauna tare ake ganinsa. Sabuwar kwamfuta ba kome a cikinta, dole ta yi sauri, batiri kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi a hankali gwargwadon yawan caji da zafin da yake sha. Na biyu, a inda yake gwajin ba nan za mu yi amfani da ita ba. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPad ne domin aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan haura 40. In wannan ne halin mai tsada, ina ga mai araha? Shi yana da wuta da intanet a ɗakinsa, mu kuwa sai mun biya kuɗin caji mun sayi data. Na uku, akwai tsere a tsakanin masu sharhi, kowa yana so ya riga kowa domin ya tara masu kallo, wasunsu ma kyauta ake ba su kayan, kuma da wuya bakin da ya ci ya kushe. Na huɗu, bukatarsa daban, tamu daban. Shi yana duba kyan hoto da daɗin wasa, mu muna neman littafi da tambayoyin jarrabawa. A ɗakin JAMB ma ba shafa allo ake yi ba, maɓallai ake dannawa: A, B, C ko D domin zaɓen amsa, N domin zuwa gaba, P domin komawa baya. Da Yaya ya san haka, da kaɗan daga cikin kuɗin nan ya ishe shi zuwa wurin koyon kwamfuta ya saba da abin da zai tarar.

Ba cewa nake yi kwamfutar allo ba ta da amfani ga ɗalibi ba. A shekarar 2013 gwamnatin Jihar Osun, zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, ta fara raba wa ɗaliban manyan azuzuwan sakandare wata mai suna Opon Imo, watau allon ilmi da Yarabanci. An zuba littattafan karatu da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a cikinta, ana karanta su ba tare da intanet ba. Abin lura a nan shi ne, an fara duba abin da ɗalibi zai karanta kafin ƙyallin fuska. A nan gida ma ina da kawu, malamin firamare, wanda yake da wata tsohuwa mai nauyi da samari ke yi wa dariya saboda kyamararta ba ta da kyau. Shekararta uku a hannunsa, da ita yake shirya darasi, ba ta taɓa kwana a wurin mai gyara ba. Kafin ya saya sai da ya ga irinta ta shekara a hannun wani abokin aikinsa.

Na san wani zai ce, in kowa ya tsaya jira, wa zai fara saye har a san halin kayan? Wannan magana ce mai kyau. Amsata ita ce, a bar masu hali su fara, waɗanda in ta lalace ba za su rasa abin kai wa bakin salati ba. Wanda ya sayar da amfanin gonarsa ko ragon layyarsa ba shi ya kamata ya zama zakaran gwajin dafi ba. Wani kuma zai ce, ashe ke nan mu toshe kunnuwanmu daga masu sharhi? A'a. A saurare su, amma a tace. In mutum ya ce ya kunna ta awa kaza kafin ta mutu, ko ya nuna abin da ke cikinta, wannan bayani ne, a riƙe. In kuwa ya ce "ba irinta", ko "shara ce", wannan ra'ayinsa ne, a bar masa abinsa. Haka nan a kula ko ya faɗi kwana nawa ya yi da ita, da kuma ko da kuɗinsa ya saya.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in ɗayanmu ya zo muku da irin wannan bukata, ku yi masa tambayar da Baba ya yi, kuma kada ku sassauta sai kun sami amsa. Wa ya riƙe irinta a nan kusa, ta kuma ƙetare bazara guda a hannunsa? In ta lalace, akwai mai gyaranta da kayan gyaranta a Birnin Kudu ko Dutse, ko sai an je Kano? Abin da za a karanta yana buɗuwa ba data? Akwai takardar da za a iya mayar da ita in ta ƙi aiki? Ai ba wanda zai je kasuwar Sara ya sayi sa don kawai dillali ya yabe shi. Sai ya duba haƙori, ya duba ƙafa, ya sa an ja shi ya ga tafiyarsa, ya kuma tambayi wanda ya san garken da ya fito. Me zai sa mu yi wa kwamfuta abin da ba ma yi wa dabba?

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu rage kwaɗayin a ce mu ne na farko. Kuɗin da muke nema gumin iyayenmu ne, ba daga sama yake faɗowa ba. In kuma tsautsayi ya sa ɗayanmu ya sayi abin da bai yi masa rana ba, to ya daure ya faɗi gaskiya, domin dariyar yini guda ta fi asarar gida uku sauƙi. Yayana ya gane haka daga baya, shi ne ma ya ba ni izinin in rubuta labarinsa. Bana yana zuwa wurin koyon kwamfuta sau biyu a mako, matacciyar kuwa tana nan cikin kwalinta a ƙarƙashin gadon Inna. Baba bai taɓa yi masa gori ba, sai dai duk sa'ad da wani ya ce "kowa ya yaba", yakan dube mu ya yi murmushi.

A nan zan dasa aya. Allah Ya sa albarka a cikin neman iyayenmu, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.