Tsohuwar Fijo Mai Ƙofa Biyu: A Nemi Makaniki Kafin A Nemi Kaya

A ɗauka ga wani magidanci a Tirwun, can gefen birnin Bauchi ta wajen hanyar Maiduguri, Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa, aka zo rabon gado, cikin abin da ya faɗo masa har da wata tsohuwar mota wadda ta daɗe kwance a gindin darbejiya, an ɗora ta bisa duwatsu, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Motar Peugeot 504 ce, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, amma ba irin wadda aka saba gani tana jigilar fasinja tsakanin Bauchi da Jos ba. Wannan ƙofa biyu gare ta, gajera ce, mai kwantaccen rufi, watau irin ta tsere da ƙwalisa. Tun ba a yi sadakar arba'in ba 'yan gwangwan suka fara sallama, suna taya ta da kilo kamar buhun masara. Shi kuwa magajin so yake ya ga ta tashi ta hau titi. To, ta ina zai fara?

Yawancin masu ba da shawara za su ce ya nufi kasuwa ya fara sayen kayan gyara. Wannan kuskure ne, mai tsada kuwa. Amma kafin a zo ga dalili, ya kamata mai karatu ya san ko wace irin mota ce ake magana a kanta.

A shekarar 1968 ne kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 mai ƙofa huɗu, watau salun. Shekara guda bayan haka, a 1969, ya fito da mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana kuma yake ƙera jikinta. A 1974 aka fara sa wa waɗansu inji mai silinda 6. Ba motar ado ce kawai ba: a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar tseren Safari ta Kenya da ita, ya kuma ci ta Bandama a Kwaddibuwa cikin wannan shekarar, a kan hanyoyin da ba su fi na ƙauyukan Ningi ko Darazo kyau ba. An daina yin ta a 1983. Ita ba a harhaɗa ta a Kaduna ba, duk wadda aka gani a ƙasar nan shigo da ita aka yi. Amma 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu, masana'antar Peugeot ta Kaduna wadda ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da harhaɗa ta sama da shekara 20 bayan Faransawa sun daina yin tasu. Wannan shi ne rufin asirin magajin nan na Tirwun, domin abubuwa da yawa da ke ƙarƙashin motarsa ɗaya suke da na salun.

Idan injinta mai silinda 4 ne, to, dangi ne na kusa da injin da dubban direbobin tasha suka tsufa a kansa. Kayan birki, da na ƙafa, da kuloci, da fanfon ruwa, da yawa daga cikinsu ana iya dacewa da su a wurin masu tsofaffin kayan Fijo, in ba a Bauchi ba, to, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko kuwa Nnewi da Nkpor a Jihar Anambra. Yau da waya a hannun kowa, hoto ake ɗauka a aika, a yi ciniki, a ba direba kaya a tasha.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya a salun mita 2.74 ne, a mai ƙofa biyu kuwa mita 2.55. Wannan bambanci na santimita 19 ya isa ya sa furofela ta salun ta ƙi shiga, haka ma salansa. Jiki kuwa ba a magana: ƙofa, da bonet, da gilashin gaba da na baya, da fitilu, ba abin da ya haɗa su da na salun. Wanda yaro ya fasa wa gilashin irin wannan mota da ƙwallo, sai dai ya juya zuwa Turai, wurin masu tara tsofaffin motoci ko sashen da Peugeot ya keɓe domin kayan tarihi a Sochaux, inda gidan adana motocinsa yake. Can kuwa da kuɗin waje ake biya, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, alhali tun da aka saki darajar naira a 2023 lissafin irin wannan saye ya zama mai ɗaga hankali. Saboda haka abin da za a fara dubawa a motar da ke kwance shi ne jikinta da gilasanta da irin ɓarnar da tsatsa ta yi wa ƙasanta. In waɗannan na da lafiya, sauran mai sauƙi ne.

Batun wili da taya shi ne inda ganganci ke iya kai mutum kushewa, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Wilin 504 huda 4 gare shi, kuma faɗin da'irar da hudojin suka zagaye milimita 140 ne. Na Peugeot 406 ma huda 4 ne, amma nasa milimita 108 ne. A ido mai saye zai ga huɗu da huɗu, ya biya, ya isa gida ya tarar ba su hau ba. Daga nan sai wani mai dabara ya ce a kai wa mai walda ya buɗa hudojin ko ya huda sababbi. Wili da aka yi wa haka yana iya kai mutum kasuwar Muda Lawal ya dawo lafiya, amma ba abin da za a hau hanyar Ningi da shi a guje ba ne.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. A 1975 kamfanin Michelin ya fito da wata taya mai suna TRX, wadda ake auna wilinta da milimita maimakon inci. Waɗansu daga cikin 504 masu ƙofa biyu na ƙarshe-ƙarshe, da waɗansu 505 irin su GTI, da wili mai milimita 390 suka zo. Tayar inci 15 da ke cike da kasuwa milimita 381 ce. Bambancin milimita 9 kacal, wanda ido ba ya gani, amma mai faci ba zai iya sa ta ba sai ya danna da ƙarfe ya raunata bakin tayar, rauni kuwa irin wanda ba ya bayyana sai mota ta ɗau zafi a kan kwalta. Michelin na yin TRX kaɗan-kaɗan domin masu tsofaffin motoci, sai dai tsadarta ba ta mai ƙaramin ƙarfi ba ce. Abin da ya fi hankali shi ne a nemi wilin ƙarfe na salun mai inci 14, in ya zauna daidai bai taɓa birki ba, a yi ta hawa da shi, a wanke na asali a ajiye a ɗaki.

Ita kanta tayar a duba shekarunta. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, kasuwa ta cika da tayoyin waje, sababbi da na gwanjo. A gefen kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna lokacin da aka yi ta: in an ga 2318, mako na 23 ke nan na shekarar 2018. In lambobin 3 ne kawai, to, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekara 4 take ba taya. Waɗanda ke jikin motar marigayi, komai kyan zanensu, sai dai a ba yara su yi gare.

To, a koma ga maganar farko. Dalilin da ya sa makaniki ya riga kaya muhimmanci shi ne, kayan nan da aka lissafa duk ana iya sayen su da kuɗi, ko ba jima ko ba daɗe. Sanin yadda za a haɗa su kuwa ba a kasuwa yake ba, a kawunan waɗansu dattawa yake, kuma kullum raguwa suke yi. Matashin makaniki na yau ba za a zarge shi ba, ya tashi ne ya tarar da motocin da ake jona wa na'ura ta faɗi ciwonsu. In aka tura masa irin wannan mota, mai gaskiya daga cikinsu zai buɗe bonet ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, ai wannan sai su Baba." Marar gaskiya shi ne zai karɓi kuɗi ya koyi aiki a kanta.

Ga misali guda. Yawancin masu ƙofa biyu da ke da silinda 4 ba kafireta suka zo da ita ba, wani fanfon mai ne na kamfanin Kugelfischer na Jamus, wanda ke aiki da ƙarafa zalla, ba ruwansa da kwamfuta. Ba ya son fetur mai datti, ba ya son dogon zama, kuma sukurorin saitinsa ba abin taɓawa ba ne ga wanda bai sani ba. Abin da aka saba yi shi ne a cire shi a jefar, a ɗora kafireta ko ma injin salun ɗungurungum. Ba laifi ba ne a yi hakan domin mota ta tashi. Laifin shi ne jefarwar, gama wannan fanfo na cikin abubuwan da suka bambanta motar da tasi, kuma wanda ya bar shi ya tafi bola ya zubar da kaso mai tsoka na darajarta. Misali na biyu: injin 504 silif gare shi, watau kowane fistin yana gudu ne cikin bututun da ake iya zarewa. Gogaggen makanikin Fijo ya san in ya ɗage top silinda dole ya danne silif ɗin kafin ya juya inji, in ba haka ba su motsa, ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Wanda bai sani ba zai ɗaure komai tsaf, a biya shi, bayan mako biyu mai ya koma kamar kunu.

Bauchi ba baƙuwar aikin ƙarfe ba ce. Cikin masana'antun harhaɗa motoci 6 da Gwamnatin Tarayya ta kafa da haɗin gwiwar kamfanonin waje a shekarun 1970, ɗaya a nan aka kafa ta, watau Steyr wadda ta riƙa yin taraktoci da manyan motoci, sauran kuwa an kafa su ne a Kaduna, Legas, Inugu, Ibadan da Kano. Ga kuma shekarun da kusan kowace ma'aikatar gwamnati Fijo take hawa, wanda ya sa garejoji suka yaye ƙwararru masu yawa. Ragowarsu na nan, amma ba su da allon talla. Hanyar samun su ita ce ta tsofaffin direbobin tasha, da shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA, da masu sayar da tsofaffin kayan Fijo, domin su suka san wanda ke zuwa ya ɗauki abu ya juya shi ya faɗi shekarar da aka yi shi. Lalle da ƙungiyar ta NATA da makarantun fasaha na jihar za su jawo irin waɗannan dattawa su riƙa koyarwa ko da sau ɗaya a mako, ana biyan su, da an tsira da wannan ilimi.

In magajin ya dace da irin wannan dattijo, ladabin mu'amalar sananne ne. Ya kawo shi gida ya ga motar a inda take kwance, kada a ja ta tukuna, kada kuma kowa ya yi gigin tayar da ita da tsohon fetur da tsohon mai. Shi dattijon zai rubuta abin da ake bukata bi da bi, birki da ƙafa kafin fenti da kujeru. Duk abin da za a saya a tafi da tsohon a hannu a gwada, tare da lambar jikin mota, domin a kasuwar kayan gyara akwai na asali, akwai na Beljiyam, akwai jabu cikin kwali mai zanen zaki. A yi jinga kashi-kashi, ba a zube kuɗi gaba ɗaya ba. Kome aka cire kuwa, ko noti ne, a dawo da shi gida a sa a buhu a rubuta sunansa, domin garejin da mota ta shekara a cikinsa ba a rasa mai wucewa da ya ga fitila ta yi masa kyau.

'Yan gwangwan dai za su sake dawowa, kuma kowane zuwa sai sun ƙara tayi. Su ba su tambayar lambar inji, sikeli suke ratayowa da abin yankan ƙarfe, kuma motar da aka shekara 40 ana tattali ba ta kai musu daga hantsi zuwa la'asar.