Majo ya tashi, likita ta koma baƙuwa

Tsofaffin Matankari har yau suna kiran sunan majon da ya daɗe a garinsu, wanda ya duba uba, ya kuma duba ɗa. Tambayi saurayi wa ya duba shi bara, sai ya hau kame-kame. Laifin ba nasa ba ne. Kafin ka saba da ma'aikacin lafiya, an ɗauke shi zuwa Doso ko Yamai.

Gine-gine kam an samu. Bayan shirin Bamako na 1987 aka shiga biyan kuɗin magani, zamanin Shugaba Tandja aka watsa ƙananan gidajen likita a ƙauyuka, a 2006 kuma aka ce maganin yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Mata suka cika benci da goyo. Sai gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa likitocin kuɗinsu, magani ya yanke, kyautar ta koma takardar da za ka kai farmasi.

Duk da haka uwa ba ta fasa zuwa. Dubi karnen yaronta: a naɗe cikin leda, gefensa ya sha mai, amma kowace allurar rigakafi tana ciki. Wannan 'yar takarda ita kaɗai ke riƙe da tarihin yaron. Ranar da ya wuce shekara 5, shi ke nan, karne ya shige ƙasan akwati.

Maigida kuwa sai ya kwanta. Zai fara da ƙwayoyin mai talla a kasuwa, ya biya wajen boka ko malam, sannan a ɗora shi a amalanke, a ce sai Dogon Dutsi. Masu kiran wannan jahilci ba su lura ba: bokan Arewa ya san kakanka, ya san gidanku, ba a yi masa canjin wurin aiki. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda yanzu suka shigo ƙauye, irin wannan sabon suke so, wata bayan wata.

Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta bar majo ya yi shekaru a wuri ɗaya, a ba shi gida da abin da zai zaunar da iyalinsa. Manya su ma a ba su karne, sabon ma'aikaci kuma ya karanta shi kafin ya ɗauki biro.