An Rufe Silima, Wa Ya Kwana da Yunwa?

Ni ɗan mai shayi ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗar haka ba. Mahaifina mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zango, cikin masarautar Daura. Kowace shekara, da zarar an kai amfanin gona rumbu, sai ya ɗaure butarsa da kofunansa ya nufi Kano ci-rani. A can yana da tebur a ƙofar wani gidan silima. Da kuɗin teburin nan aka saya mini littafin farko, da shi aka yi wa ɗakin mahaifiyata rufin kwano, da shi kuma aka aurar da yayyena biyu. Saboda haka idan ana zancen mutuwar gidajen silima a ƙasar Hausa, ni zancen tuwon gidanmu ake yi.

Na taɓa bin sa a wani hutun makaranta, na ga wurin da idona. Tun bayan la'asar ƙofar take fara cika. Mai tsire ya hura tukubarsa, mai rake ya jera sandunansa, yara masu gyaɗa da dafaffen ƙwai suna kewayawa. Ga mai goro, ga mai faci, ga wani dattijo gurgu wanda sana'arsa kawai gadin kekuna, a ba shi 'yan kwabbai a shiga kallo. Idan aka tashi da dare, 'yan tasi da masu babura su kwashe jama'a, waɗanda suka rage su zauna a bencin mahaifina suna gardamar ko jarumin ya mutu ko zai dawo. Na ƙirga a yarintata, masu neman abinci a bakin ƙofar nan sun fi ma'aikatan cikin gidan yawa nesa ba kusa ba, kuma kowanensu akwai bakunan da ke jiransa a wani ƙauye.

Wata shekara mahaifina ya dawo tun rani bai yi nisa ba. An sa wa gidan kwaɗo, an ce za a mai da shi shaguna. Ya yi mako biyu yana hura wuta a ƙofar da babu mai shiga, madara tana lalacewa, burodi yana bushewa, sannan ya haƙura. Mai tsiren ya koma dako a kasuwa. Gurgun nan mai gadin kekuna, wanda ya shekara da shekaru yana cin guminsa, bara ya koma. Mu kuma a gida, a shekarar ce aka sayar da tumakin mahaifiyata, aka cire ƙanena daga makaranta. Ba wanda ya rubuta wannan a jarida. Abin da na ji manya suna faɗa a dandali shi ne, “Alhamdu lillahi, an rage ɓarna.”

Da wannan maganar nake jayayya, kuma ina yi ne da ladabi, domin masu yin ta iyayena ne da malamaina. Na san inda ƙyamar ta samo asali. Silima baƙuwa ce da ta shigo a zamanin Turawa. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, a yankin da ake ganin na baƙi ne da masu sheƙe aya. A 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya ta hallaka mutum 331, jama'a da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara daga Ubangiji. Tun daga nan “ɗan silima” ya zama zagi. Duk da haka gidajen suka yi ta ƙaruwa, su Palace, Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba, har finafinan Indiya suka zama kamar na gida. A Disambar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da shiryawa da nuna finafinai, kafin a kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2016 kuma, lokacin da gwamnatin tarayya ƙarƙashin ɗan Daura, Muhammadu Buhari, ta yi niyyar gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Kofa da ke Bebeji, sai aka yi ta suka a mumbari da gidajen rediyo har aka janye shirin. A duk waɗannan muhawarori an yi zancen tarbiyya, an yi zancen siyasa, amma ban ji wanda ya tashi ya yi magana da yawun mai shayi ba.

Ba zan yi wa silima ƙarya ba. An sha taba da abin da ya fi taba a cikinta, 'yan daba sun yi faɗa a ƙofarta, an nuna abubuwan da bai kamata yaro ya gani ba. To amma wace tashar mota ce babu ɗan sane? Wace kasuwa ce babu mai tauye mudu? Ranar Lahadi a kasuwar Mai'aduwa, cikin dubban masu ciniki na halal, ba a rasa maƙaryacin dillali, kuma ban taɓa jin an ce a tashi kasuwar ba. Abin da ake yi shi ne a naɗa sarkin kasuwa, a kafa doka, a hukunta mai laifi. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Silima kaɗai muka hana wa wannan adalcin.

Wani zai ce, ai ba wa'azi ne ya kashe silima ba, zamani ne. Akwai gaskiya a nan. Kaset ɗin bidiyo ya shigo, finafinan Hausa suka bunƙasa tun daga Turmin Danya a 1990, aka koma kallo a tsakar gida. Faifan CD ya biyo baya, tauraron ɗan'adam ya zo, wayar hannu ta gama da sauran. Tsoron tashin bama-bamai ma ya hana mutane taruwa da dare na wasu shekaru. Amma zamanin nan ya ratsa Legas, ya ratsa Indiya, silimunsu suka sake fasali suka rayu. Namu sun mutu ne domin mun riga mun yanke musu hukunci. Attajiri mai mutunci yana tsoron zuba jarinsa a sana'ar da za a zage shi a kanta, magidanci yana kunyar a gan shi a layin tikiti, mai mulki kuma yana lissafin ƙuri'a. Ginin da kowa ke gudu, ko ba a sa masa kwaɗo ba, zai rufe kansa.

Sai mu tambayi kanmu ribar da muka ci. Kallo bai ragu ba ko kaɗan. Yaron da aka hana zama a benci cikin ɗaruruwan mutane, gaban fim ɗin da hukuma ta tace, yau yana ƙudundune cikin bargo da waya, yana kallon abin da babu malami ko hakimin da ya isa ya tace. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuɗin kallon ma ya canza hanya. A da, sulen da matashi ya fito da shi yakan rabu gida-gida a unguwa: kaɗan ga mai tikiti, kaɗan ga mai tsire, kaɗan ga mai babur. Yanzu kuɗin data ne, yana tafiya kai tsaye asusun manyan kamfanoni, ko ƙwandala ba ta faɗuwa a teburin kowa.

Ga masu cewa addini ne ya hana, ina roƙon su dubi ƙasashen da ba za mu koya wa Musulunci ba. Saudiyya ta sake buɗe silima a Riyad a Afrilun 2018, bayan fiye da shekara 30 a rufe. Iran, da duk tsaurinta, ba ta rushe silimunta ba. Ta kafa musu sharuɗɗa, har fim ɗinta ya ci kyautar Oscar a 2012. Ba na cewa mu kwaikwayi kowa ido rufe. Ina cewa ne tsakanin sakaci da kwaɗo akwai hanya ta uku, kuma wasu Musulmi sun bi ta.

Wannan ya dawo da ni gida. Daura ta yau ba ta yarintata ba ce. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar sufuri, ga ɗalibai daga ko'ina cikin ƙasa da ba su da inda za su idan magariba ta yi sai gidajen kallon ƙwallo na langa-langa. Je ka ƙofar ɗayansu ranar babban wasa, za ka tarar da mai shayi, mai awara da mai cajin waya, jikokin sana'ar mahaifina. Su ma kullum a tsorace suke, domin ƙorafi ɗaya ya isa a ce a rufe. Garin da ke da rijiyar Kusugu da labarin Bayajida da Daurama, garin da ake cika shi maƙil a Sallar Gani, ya cancanci zauren kallo na mutunci, inda za a nuna fim da wasan kwaikwayo. A sa masa lokacin buɗewa da na tashi, a tsaya idan an kira salla, a ware ranar mata da ta iyali, a sa dattawan unguwa da malamai cikin masu sa ido. A kuma tsara rumfuna a ƙofarsa, a ba masu ƙaramin jari haya mai sauƙi. Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar nan, Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Zaure ɗaya bai fi ƙarfinsu ba.

Kafin a yi wannan, roƙona ɗaya ne ga duk mai ikon sa hannu a takardar rufe wani wurin taruwar jama'a: ya je da kansa da daddare, ya ƙirga fitilun da ke ƙofar, ya tambayi kowane mai tebur mutum nawa yake ciyarwa. Idan bayan haka ya ga rufewar ce alheri, to ya faɗa musu inda za su koma.

Mahaifina ya rasu bai taɓa shiga silimar nan ya zauna ba. Yakan ce shi sautin kawai yake ji ta saman katanga. Butarsa tana nan a ɗakin mahaifiyata, mun hana a sayar.