Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Shari'a: A Soke Sashe Na 84

Ranka ya daɗe,

Kukan da na kawo maka na ma'aikatan da gwamnati ke kora ba bisa ƙa'ida ba ne, waɗanda ko alƙali ya ba su gaskiya sai haƙƙinsu ya maƙale.

A 2001 Jami'ar Ilorin ta sallami malamai 49 kan yajin aikin ASUU. Sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ce a mayar da su bakin aiki, a biya su albashinsu. Shekara takwas! Su fa malaman jami'a ne, suna da ƙungiya, suna da lauyoyi. To ina ga masinja ko malamin firamare, da ke yawo da takardar ɗaukar aikinsa a cikin leda, mai shago ya daina ba shi bashi, yara kuma an koro su kan kuɗin makaranta?

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kam tana ƙoƙari, musamman tun da gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙara mata ƙarfi. Dubi wata 'yar sanda a Jihar Ekiti da aka kora a 2021 don ta yi ciki ba aure. A 2023 kotun da ke Akure ta ce wannan wariya ce, tunda ba a korar namiji kan irin haka, ta kuma ce a ba ta diyyar naira miliyan 5. Ba goyon bayan cikin shege nake ba, Allah ya kiyaye. Amma Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a yi wa mace wata doka dabam.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan hukunci. Sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba sai Antoni-Janar ya yarda, na tarayya ko na jiha. Wato ma'aikaci ya kayar da gwamnati a gaban alƙali, sannan ya koma roƙon lauyan gwamnatin ya ba shi izinin karɓar kuɗinsa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Wasiƙa kan wasiƙa, a ce masa fayil na kan teburin oga, har ya gaji ya bar wa Allah.

Ranka ya daɗe, alƙalamin yana hannunka. Ka kai wa Majalisar Tarayya ƙudirin soke wannan sashe. Kafin nan, ka umarci ma'aikatu da hukumomin tarayya su riƙa biyan duk wanda kotu ta wanke ba tare da ja-in-ja ba, a kuma hukunta shugaban da ya ƙi.

Wassalam.