RA'AYINMU: A Bar Yaro Ya Rubuta Abin Da Idonsa Ya Gani

Kowace shekara idan jarrabawar ƙarshe ta sakandare ta ƙarato, sai ka ji 'ya'yanmu masu karatun kimiyya suna ta maganar wani abu da suke kira firaktikal. Da yawa daga cikin iyaye, musamman mu da neman abinci ya kawo mu Kudu, ba mu ɗauki wannan magana da nauyi ba. Muna zaton muddin an biya kuɗin makaranta, an sayi littattafai, to, shi ke nan an gama. Alhali kuwa da sauran aiki.

Firaktikal dai shi ne jarrabawar gwaji, watau a shigar da yaro ɗakin gwaje-gwaje, a ba shi kayan aiki ya auna da hannunsa, sa'an nan ya rubuta rahoton abin da ya samu. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952, da NECO mai hedkwata a Minna da aka kafa a 1999, dukansu sun ware takarda ta musamman domin wannan a darussan Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son karatun likita a jami'a kuwa tilas ne ya sami kiredit a darussan nan uku, haɗe da Turanci da Lissafi. Bugu da ƙari, tun da aka fito da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, ayyukan da yaro ke yi cikin aji ana ba su maki ana tarawa. Saboda haka littafin da yake rubuta gwaje-gwajensa a ciki ba na wasa ba ne.

Rahoton yana da tsarinsa. Da fari yaro zai faɗi abin da yake so ya gano, ya lissafa kayan da ya yi aiki da su, ya bayyana hanyar da ya bi daki-daki, yadda wani zai iya maimaitawa. Daga nan sai ya jera adadin da ya auna cikin jadawali, kowane da ma'auninsa, ya yi zanen giraf in ana bukata, ya yi lissafi. A ƙarshe ya faɗi abin da ya gano, da dabarun da ya yi don guje wa kuskure.

Mu ɗauki gwajin lilo, wanda masu Fiziks suka sani sarai. Ana ɗaura ɗan ƙwallon ƙarfe a bakin zare, a rataye, a sake shi yana kai da kawowa, yaro kuma ya riƙe agogo yana ƙidaya. Idan tsawon zaren santimita 100 ne, zuwa da dawowa sau 20 zai ci wajen sakan 40. Idan aka rage zaren ya koma santimita 25, sai lokacin ya koma wajen sakan 20. Daga irin waɗannan adadi ne ake lissafa ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi, wanda littafi ya ce kimanin 9.8 ne.

To, a nan ne ɓarnar take. Yaro ya riga ya san amsar da ke cikin littafi. Idan ya yi nasa awon ya ga ya sami 9.5 ko 10.2, sai tsoro ya kama shi, ya goge abin da ya auna, ya ƙirƙiro adadin da zai kai shi 9.8 cif. Wani ma ba ya wahalar da kansa da awon, sai ya ari littafin wanda ya riga shi gamawa ya kwafe, ko ya jira a turo masa amsa ta wayar hannu. Abin takaici, akwai makarantun da malami da kansa ke rubuta adadin a kan allo, yara su kwashe, babu wanda ya taɓa zare balle agogo.

Muna so iyaye su gane cewa wannan dabara ko a jarrabawar ba ta da riba. Masu duba takardu ba amsar ƙarshe kaɗai suke bai wa maki ba. Jadawali yana da makinsa, haka zane, haka lissafi, haka dabarun kiyaye kuskure. Rahoton da manyan masu duba takardun WAEC ke fitarwa ya sha kokawa a kan ɗaliban da ke rubuta adadi babu ma'auni, da masu zaɓen sikelin giraf marar kyau, da masu zana abu a Bayoloji ba su faɗi ninki nawa suka girmama shi ba. Duk waɗannan hannu ne ke koyonsu, wanda bai saba ba kuwa ranar jarrabawa zai ruɗe.

A Kemistiri ma abin ya fi fitowa fili. Akwai gwajin da ake ɗiga ruwan asid daga wani dogon bututun gilashi mai awo cikin wani ruwa dabam, har launinsa ya juya, a rubuta yawan abin da aka ɗiga, a maimaita har adadin su yi kusa da juna. A makaranta ake haɗa ruwan gwajin, malamin Kemistiri kuma yana yin nasa awon ya aika, da shi ake gwada na ɗalibansa. Wanda ya kwafo adadin wata makaranta yana iya yin nesa da na malaminsa, ya yi biyu babu. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Amma abin da ya fi damunmu ya wuce maki. Mu mutanen kasuwa ne. Wanda ke auna hatsi a Mile 12 ko Bodija, da mai sayar da goro a Agege ko Shagamu, ya san matsayin mai tauye mudu a idon jama'a. Yaron da ya koyi canja adadin awo yana ɗan shekara 16, tauye mudu ya koya. Gobe shi ne zai auna jinin marar lafiya a asibiti, ko ya haɗa magani, ko ya lissafa ƙarfen da za a sa a gini. Idan ya saba rubuta abin da ake so a ji, wa zai amince da awonsa?

Hukuma ta gwada tsanani. Bayan abin kunyar satar jarrabawa na 1977, wanda ake kira Expo 77, gwamnatin soja ta kafa Doka ta 20 a 1984, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai wannan laifi, aka kuma sake yin wata doka a 1999. Duk da haka cutar ba ta mutu ba, domin kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa aikin gida ne.

Kada uba ya ce ai shi bai yi boko ba. Kafin ka biya kuɗin makaranta, ka ce a nuna maka ɗakin gwaje-gwaje, ka ga ko da kaya a ciki, gani ya kori ji. Ka riƙa karɓar littafin gwajin ɗanka ko 'yarka kana dubawa. Ka ce ya yi maka bayani da Hausa, me ya auna, me ya samu, wanda ya yi da hannunsa ba zai yi inda-inda ba. Idan ka ga 'yan gyare-gyare da adadin da suka ɗan saɓa wa juna, kada ka yi faɗa, alamar aiki ke nan. Ranar da aka sa gwaji kuma, a ɗaga masa zaman shago da talla.

Ko a gida ana iya somawa. Zare da ɗan dutse da agogon waya sun isa gwajin lilo. Uwa kuma tana da kayan Kemistiri a madafa: a matsa lemun tsami cikin ruwan zoɓo, sai jansa ya ƙara haske, a zuba ruwan kanwa a wani kofin, sai ya yi duhu. A sa yaro ya rubuta abin da ya zuba, da yawansa, da abin da ya gani.

Daga ƙarshe muna kira ga sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Ikko da Sabon Ibadan da Fatakwal da sauran garuruwa, su riƙa leƙa makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa. Inda babu kayan gwaji a yi karo-karo a saya, a kuma bi sawu a tabbata ana aiki da su. Malamai kuma su yaba wa yaron da ya kawo 9.5 na gaskiya ya faɗi inda yake zaton kuskure ya shigo, su mayar wa mai 9.8 na aro littafinsa ya je ya sake awo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.