A Bar Kifin Anbar Ya Yi Barcinsa

A shekarar 2000, wani ƙaramin jirgin ruwa na masu bincike yana tafiya a tekun Fasifik, daura da arewacin ƙasar Cile, sai ya faɗa tsakiyar wasu manyan halittu kamar shida. Suna tsaye cak a cikin ruwa, kai sama, wutsiya ƙasa, kamar an kafa ginshiƙai. An kashe injin jirgin, iska ce kawai ke tura shi. Babu wanda ya motsa daga cikinsu har sai da gefen jirgin ya gogi ɗaya, sannan suka farka a firgice, suka watse. Luke Rendell, masanin halittun teku, yana cikin jirgin, kuma an ɗauki abin a bidiyo.

Dabbar da ake magana a kanta ba ta da tsohon suna a Hausa, domin ƙasar Hausa ta yi nisa da teku. Larabawa suna danganta ta da anbar, wato abin nan mai ƙamshi da ake sa wa turare, wanda a cikin hanjinta yake samuwa. Don haka "kifin anbar" ya fi kusa da kunnen Bahaushe. Sai dai ɗalibi ya lura: sunan kifi ara masa aka yi. Haihuwa yake yi ya shayar da nono, kuma da huhu yake numfashi, kamar ayu da dorina. Namijinsa yakan kai tsawon mita 16, ƙwaƙwalwarsa kuwa ta kusa kilo 8, babu dabbar da ta fi shi girman ƙwaƙwalwa a duniya. Yakan nutsa fiye da mita 1,000 neman abinci, ya riƙe numfashi minti 45 ko fiye.

Wannan numfashin shi ne tushen wahalar. Ɗan Adam yana barci huhunsa na aiki ba tare da ya sani ba. Dabbar da ke cikin teku kuwa dole ta taso sama ta shaƙi iska, in ta shagala ta halaka. Dabbar dolfin ta sami mafita mai ban mamaki: rabin ƙwaƙwalwarta ne ke barci, ɗaya rabin na gadi, ido ɗaya a buɗe. Masana a tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka tabbatar da haka tun shekarun 1970, aka daɗe ana zaton duk danginta haka suke.

A 2008 Patrick Miller na Jami'ar St Andrews da ke Sukotland, tare da abokan aikinsa, suka wallafa sakamakon da ya girgiza wannan zato. Sun liƙa wa kifayen anbar 59 na'urori masu rubuta zurfi da motsi. Suka ga cewa lokaci-lokaci dabbar takan sauka kaɗan ƙarƙashin ruwa, ta daina kaɗa wutsiya, ta saki jiki. Wani sa'in da kai take sauka, amma da yake ƙaton kan nata cike yake da mai, a hankali sai ya juyo sama da kansa. Haka za ta rataya minti 10 zuwa 15, ba numfashi, ba motsi, sannan ta farka ta taso. An fi ganin haka tsakanin ƙarfe 6 na yamma da tsakar dare. Da aka haɗa lissafi, bai wuce kashi 7 cikin 100 na lokacinta ba, wato kimanin awa ɗaya da minti 40 a kwana guda. Ko giwar daji, wadda ta shahara da ƙarancin barci, tana samun kusan awa biyu. Daga halayyar dabbar masanan suka yi hukunci, musamman abin da ya faru a Cile: mai gadi da ido ɗaya ba zai bari jirgi ya zo har jikinsa ba. Alamu sun nuna barci ne mai nauyi, na dukkan ƙwaƙwalwa.

A nan ne maganar ta wuce abin mamaki ta zama abin damuwa. Tun 1986 dokar dakatar da farautar waɗannan dabbobi don kasuwanci ta fara aiki, mutane da yawa suka ɗauka an gama. Ba a gama ba. Hana mashi abu ne mai kyau, amma dabbar da ke barcin da ba ta jin zuwan jirgi, a ƴan mitoci ƙarƙashin ruwa inda matuƙi ba ya ganinta, tana cikin haɗari ko da babu mafarauci ko ɗaya a duniya. A tsibiran Kanari, jirage masu gudu da ke jigila tsakanin tsibirai sun sha banke su. A tekun Bahar Rum, yammacin Girka, ƴan ɗaruruwa kaɗan suka rage, kuma ana yawan tsintar gawarwakinsu da saran farfela a jiki. Ba dukkansu ne aka buge suna barci ba, wasu suna hutawa ne a sama bayan doguwar nutso. Amma asarar ɗaya ce, kuma tana da nauyi, domin macen takan ɗauki ciki wata 14 zuwa 16, sannan ta shekara huɗu ko fiye kafin ta sake haihuwa.

Masu jirage suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce: rage gudu jinkiri ne, jinkiri kuwa kuɗi ne, a ƙarshe mai saye a kasuwa ne zai biya. Sai dai abin da ake nema bai kai yadda ake zuzuta shi ba. An san wuraren da dabbobin suke taruwa, galibi inda ƙasan teku ya yi gangare mai zurfi. Kauce musu da ƴan kilomitoci, ko sauko da gudu zuwa kimanin kilomita 18 a awa, yana rage kisa sosai. Kamfanin MSC ya karkatar da hanyar jiragensa a yammacin Girka a 2022, bai kuma durƙushe ba.

Akwai wata barazanar da ta fi wuyar tsawatarwa, domin da sunan ƙauna take zuwa. Hotunan kifayen anbar suna barci a tsaye sun bazu a intanet, masu yawon buɗe ido suka fara biyan kuɗi masu yawa don su yi iyo kusa da su. Wanda ya zo da kyamara bai zubar da jini ba, amma in ya tashi dabbar da barcinta duka bai cika awa biyu ba, ya ɗauke mata abin da ba ta da rararsa. Hoton ma da ake nema, na mai barci ne. Ke nan lokacin da ya fi dacewa a nisance ta shi ne lokacin da aka fi matsa mata.

Ƙasar Dominika, ƙaramin tsibiri a yankin Karibiyan, ta nuna hanyar da ta fi dacewa. A watan Nuwamba na 2023 firaministanta, Roosevelt Skerrit, ya sanar da keɓe kusan murabba'in kilomita 800 na teku domin kifin anbar, irinsa na farko a duniya. Ba a kori masunta na gargajiya ba, ba a kuma rufe ƙofar baƙi ba, tun da ƙasar na cin abinci daga gare su. An dai tsara a ƙayyade yawan masu shiga ruwa, manyan jirage kuma su bi hanyar da aka shata musu. Abin da ya kamata a ƙara a irin wannan doka, a Dominika da Kanari da Girka, a bayyane yake: in an ga garke a tsaye, a rage gudu, a ja baya, kada kowa ya shiga ruwa sai sun farka da kansu. Jiran galibi ba ya wuce rubu'in awa.