Mun riƙe baki, sai kuma mi?

Jama'a masu bin wanga shafi, akwai wani hoto da ba mu jin akwai wayar da ta rasa shi daga Maraɗi zuwa Tibiri har Jiratawa. Wani ɗan ƙaramin mutum ne ya zaro ido ya yi sororo, kamar wanda anka ce ma buhun gero ya koma kyauta. Pawpaw ke nan, Osita Iheme, ɗan wasan Najeriya da ya yi suna da fim ɗin Aki na Ukwa tun farkon shekarun 2000. Da yawanmu ba mu taɓa kallon fim nashi ko guda ba, amma fuskarshi ta zama bakinmu. A 2019 har mutanen Birazil da Amurka sunka yi ta yawo da ita. In ba shi ba, to marigayi Ibro ne, wanda ya rasu tun 2014, shekara huɗu kafin WhatsApp ta kawo sitika. Allah ya jiƙan shi, bai san zai ci gaba da yin mamaki a madadinmu ba.

Ba mu da faɗa da hoton. Dama can Bahaushe da jiki yake mamaki: a riƙe haɓa, a tafa hannu, a ce "Ikon Allah!" ko "Tabɗi!" Sitika gadon wannan ta ci. Ga sauƙi, ba ta cin mega, kuma wanda bai yi lakwal ba yana tura ta daidai da mai digiri.

Sai dai ku tuna yadda abin yake a fada. In wani ya kawo labari mai ɗaure kai, akan tafa hannu, amma kafin a zuba shayi na biyu wani zai ce: "To wa ya faɗa maka? Yaushe anka yi? Ina hukuma take?" Da mamaki ake buɗe zance. A gurup kuwa da shi muke rufewa. Mutum ashirin su jefo fuska iri ɗaya, kowa ya ji ya sauke nauyi, a wuce ga bidiyon kokowa.

Mun ga haka a watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Gurup-gurup sunka cika da dafe kai. Kaɗan ne sunka tsaya yin bayanin cewa wutarmu daga Katsina take shigowa ta Gazawa, balle a yi zancen manoman zogale na Jiratawa da injinan ban ruwansu ke jiran wutar nan.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024. Ruwa ya sauka a birnin nan, kimanin milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi. Ƙidayar farko da hukuma ta bayar mutum 15 ne sunka rasu. Bidiyon gidaje na rushewa da motoci cikin ruwa ya zagaya ko'ina, kuma ƙarƙashinsa, wallahi, mun ga Pawpaw. Fuskar ban dariya kan gidan da ake haƙo gawa. Wannan kam rashin ta ido ne, ko da mai turawa bai nufi haka ba. Kuma mi ne abin ɗaure kai a ciki? Garin da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa anka tashe shi daga kwari zuwa tudu bai kamata ya ce ruwa baƙo ne ba. Tambayoyin a fili suke: wa ke raba filaye kan hanyar ruwa, yaushe rabon da a yashe magudanai, su wa ke cika su da leda da shara? Ta ƙarshen nan ba sai mun je nesa neman amsa ba, ƙofar gidajenmu take.

Mun san ba lalaci kaɗai ba ne. Akwai tsoro. Ranar 7 ga Yunin 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta 2019, an maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi, da watsa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Tun daga nan kowa ke auna yatsansa. Sitika ba ta da kalmar da za a karanto ma mutum gaban alƙali. Ka nuna ba ka ji daɗi ba, kuma ba ka ce komai ba. Wayo ne, ba mu raina shi ba. Amma tambaya daban, zagi daban. "Yaushe za a gyara?" bai ɓata sunan kowa ba.

Mutanen Tibiri sun fi kowa sanin kuɗin mamakin da babu tambaya bayansa. Shekaru ana ganin yara suna tasowa haƙora sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe, ana riƙe baki ana cewa ikon Allah. Ashe ruwan famfon da ake sha tun shekarun 1980 ne ke da sinadarin fuloraid fiye da ƙima. Sai da anka sami masu cewa a auna ruwan nan, masu kare haƙƙin ɗan Adam sunka ɗauki maganar, sannan gaskiya ta fito fili wajen shekarar 2000. Ɗaruruwan yara sun riga sun nakasa. Yau manya ne, muna gamuwa da su a kasuwa.

Bayan ambaliyar nan, lokacin da gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, ga kuma iyalai kwance cikin azuzuwa, wata dattijuwa ta turo saƙon murya a gurup ɗin unguwarmu. Ba ta iya rubutu ba, jikanta ne ya danna mata. Cewa ta yi: "Ƴaƴana, in yara sun koma karatu, waɗannan bayin Allah ina za a kai su?" A gurup ɗin akwai malamai, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai wanda ke zama ƙofar mai unguwa kullum da la'asar. Amsa uku ta samu, dukansu mutumin nan ne mai zaro ido. Guda daga ciki, mu faɗi gaskiya, daga wayarmu ta fita.